Yadda Na Cike wa Dauda Fom Sau Biyu

Na san abin da kuke faɗa idan na fita sallah. Wai cike fom ba sana'a ba ce, duk mai waya a hannu zai iya, wai tsufa ne kawai ya sa Malam Sani yake sa ku karanta suna sau uku kafin ku danna. Ban ji haushi ba, ni ma na taɓa faɗin irin haka a kan maigidana. Ku jawo bencin nan ku zauna, yau ba layi, in gaya muku yadda aikin yake.

Aikin farko da na yi da hannuna takardar wata mata ce da mijinta ya rasu, tana neman haƙƙinsa a masaƙar da ya yi wa aiki. Lokacin ina koyo a wurin Mista Bitrus, wani dattijo mutumin kudancin jihar nan da ke buga tafireta a gindin dalbejiya a gaban kotu. Wata shida na yi a wurinsa ban taɓa tafiretar ba sai don gogewa. Kayan aikinmu ba su da yawa: ita tafiretar, ribon, takardar kabon, reza ta kankare kuskure, tsohon buroshin haƙori da kananzir na wanke haruffa, sai allura da nake tsokale tawadar da ta toshe cikin "o" da "e". Ranar da ya ba ni kujera, matar ta ce sunan mijinta Habila. Na buga Habila. Ashe tun ranar da aka ɗauke shi aiki wani akawu ya rubuta Abila, kuma haka sunan ya zauna a duk takardun masaƙa. Sau biyu ana koro ta daga ofis a kan harafin nan guda. Da ta dawo ta faɗa, Mista Bitrus bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Sani, tashi ka raka ta." Na bi ta har Kakuri, na tsaya a layi tare da ita daga safe har azahar, tana goye da jariri. Da muka dawo ya ce, "Ba abin da baki ya faɗa ake bugawa ba. Ka tambayi takardar da ta fi kowace tsufa a gidan, ita za ka bi."

Shi ya koya mini rubuta takardar koke. Shafi ɗaya, domin babban mutum ba ya juya shafi. Abin da kake so ya zo a farko, dalili ya biyo baya, shaida a ƙarshe. Ba kuka, ba zagi, ba dogon kirari. In na kawo masa shafi biyu, na biyun yake yagewa ya miƙo mini na farkon ya ce in shigar da komai a ciki.

Da ya yaye ni na kama shagon nan na Trikania, a kan hanyar shiga Nasarawa. Ba a daɗe ba kwamfuta ta shigo. Da yawa daga cikin abokan sana'ata suka tattara, wasu suka koma sayar da katin waya. Ni na zauna na koya, da yatsa biyu da farko, har hannu ya sake. Na sayi firinta, da kyamarar ɗaukar fasfo, da farin ƙyallen can da ke rataye a bango. Aiki ya koma na ɗalibai: rajistar jarrabawa, fom ɗin jami'a, duba sakamako. Kun ga irin mutanen da ke zuwa. Akwai uban da zai tsaya a kanka ya ce lallai likita ɗansa zai zama, alhali sakamakon yaron na nuna wani wuri daban. Akwai wadda sunanta a takardar firamare Maryamu, a ta sakandare Mary, a katin asibiti Mairo, kuma duka ita ce. Akwai mai rage shekaru har ya zama ƙanin ƙaninsa. Danna madanni shi ne mafi sauƙi a aikin. Wuyar ita ce ka sa takardun mutum su faɗi magana ɗaya, kuma maganar ta zama gaskiya.

Teburin tenis ɗin da ke ƙarƙashin rumfa, ba don sha'awar wasa na sa shi ba. A lokacin rajista layi kan kai bakin titi, sabis ya ɗauke, samari su fara tura juna, kullum sai na fito raba faɗa. Sai na sa wani kafinta ya haɗa mini tebur da filawud, muka shafa masa koren fenti, muka yi raga da tsohon gidan sauro, na sayo bat huɗu da kwalin ƙwai, wato 'yan ƙwallayen nan farare. Duk wanda ya karɓi lamba sai ya je ya yi wasa, in an zo kansa a kira shi. Faɗa ya ƙare.

Amma da lokacin rajista ya wuce, tebur bai huta ba. Akwai wasu da ke zuwa kullum daga la'asar zuwa magariba, kuma na lura ko sau ɗaya ba su taɓa tako cikin shago ba. Ba jahilai ba ne, sun gama sakandare, wasunsu Turancinsu ya fi nawa. Na fara fitowa ina zama a benci tare da masu jiran layin wasa. A nan na koyi abin da kujerar ciki ba ta taɓa koya mini ba. Babu wanda zai tsaya a gaban kwamfuta, mutum ashirin na bayansa, ya ce ba shi da takarda. A benci kuwa, ana gumi ana dariya ana gardamar maki, magana takan fito da kanta. 'Ya'yan mutanen Nijar ne, da na Cadi, da na Kamaru. A Nasarawa da Unguwar Mu'azu aka haife su, ba su san wata ƙasa ba, kuma babu ƙaramar hukumar da ta yarda nata ne. Kun san jami'a ba ta yi wa ɗalibi rajista sai ya nuna takardar indijin, wato shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. Wanda ba shi da ita, ko ya cinye jarrabawa, a bakin ƙofa zai tsaya.

Dauda ne ya fi kowa iya wasa a cikinsu. Bahago ne, dogo, shekararsa ashirin, in ya kama tebur sai ya fitar da mutum goma a jere bai sauka ba. Ran nan na same shi shi kaɗai yana liƙe robar bat ɗinsa da gam.

Na ce, "Dauda, abokan karatunka duk sun shigo sun cike. Kai fa?"

Ya ce, "Malam, ai ni ba ni da jiha."

"Ba a Nasarawa aka haife ka ba?"

"A Nasarawa, a ɗakin mamana. Amma babana mutumin Cadi ne. Gadi ya zo yi a masaƙa, a nan ya rasu. Na je sakateriya, suka ce in tafi garin ubana. Ni ko hanyar Cadi ban sani ba."

Na ce ya kawo mini sakamakonsa. Washegari ya kawo a cikin leda. Na duba sakamako da yawa a rayuwata, irin nasa ba su cika zuwa ba, musamman lissafi da kimiyya. Ya ce injiniyan lantarki yake so.

A lokacin akwai wani mutum da ke zagaya shagunanmu, ana ce masa Ciyaman. Ba shugaban komai ba ne, jaka ce da shi cike da hatimai. Ka faɗi jihar da kake so, kwana uku ya kawo maka takarda da tambari da sa hannu. Kowa a layin nan ya san shi. Na faɗa wa Dauda inda yake zama. Ban buga takardar da hannuna ba, kuma na yi shekaru ina fakewa da wannan. Amma ni na nuna masa ƙofa, kuma ni na zauna a kujerar can na shigar da sunan wata ƙaramar hukuma da na san bai taɓa taka ta ba. Aikin bai ɗauke ni minti ashirin ba. Na ga kaina gwani ranar.

Dauda ya samu gurbi a jami'a. Yana zuwa suka gano hannunsa, ya shiga ƙungiyar tenis ta makarantar, ana tafiya da shi gasa garuruwa. Duk hutu sai ya zo nan ya ba samari labarin laburare da ɗakin gwaje-gwaje, su kuma suna saurare. Uku daga cikinsu suka koma karatun jarrabawa saboda shi.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta biyar ɗinsa, wato ta ƙarshe. Kafin a yaye ɗalibai aka yi tantancewa. Jami'ar ta rubuta wa ƙananan hukumomi tana tambayar lambobin takardu. Lambar Dauda ba ta cikin littafin kowa. Saura 'yan watanni ya gama aka kore shi, aka soke duk abin da ya karanta. A cikin watan nan kuma aka kama Ciyaman, ya jero sunayen shaguna, nawa a ciki. 'Yan sanda suka zo suka kwashe kwamfutoci biyu da firinta, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Daga baya bincike ya nuna ba a shagona ake bugawa ba, aka sake ni, amma kayan sun yi watanni a can, lokacin rajista ya zo ya wuce ba ni a ciki. Iyayen da na yi wa 'ya'yansu aiki shekara da shekaru suka riƙa tsallaka titi su shiga shagon gaba. Na fito da tsohuwar tafireta daga ƙarƙashin gado, na wanke haruffanta, na zauna da ita a rumfa kusa da teburin tenis ina buga yarjejeniyar haya da takardun rantsuwa. Da ita na ciyar da gidana shekarar.

A nan Dauda ya same ni wata ranar Asabar. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, ranar da ka cike mini, ka san ba ta gaskiya ba ce?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ni ma na sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kai ne ka san aikin."

Ya ɗauki bat ɗinsa da ke rataye a ƙusa ya tafi. Daga baya na ji ya shiga walda a Kakuri, kuma ya daina wasa gaba ɗaya.

Da aka buɗe mini shago na kafa dokar da kuka tarar: takardar da ba a ga lambarta a littafin ofishin da ya bayar ba, ba ta hawa kwamfutata. Na rasa masu zuwa da yawa saboda ita. Ban sassauta ba.

Aikin da na fi alfahari da shi ya zo bayan shekara huɗu, kuma daga gidansu Dauda ya fito. Ƙanwarsa Saratu ta fara zuwa tebur. Da safe kitso take yi, da yamma ta zo da siket da silifa ta riƙa fitar da samari ɗaya bayan ɗaya, har suka daina jin kunyar shan kaye a hannunta. Shekararta ashirin da ɗaya, ta gama sakandare da shekara uku. Ba ta jira na tambaye ta ba. Ran nan ta ajiye bat ta shigo har ciki.

Ta ce, "Baba, aikin jinya nake so in karanta. Amma ba irin takardar Yaya nake so ba. In babu hanya ka faɗa mini yau, in san abin da zan yi da kaina."

Na ce ta zauna. Na ɗauko fayil sabo na rubuta sunanta a kai, na fara tambaya daga tushe kamar yadda aka koya mini. A ina aka haife ki, wa ya karɓi haihuwar, wace takarda ce ta fi tsufa a gidanku. Ta ce akwai katin riga-kafinta, akwai katin baftisma. Sai na ce, "Mahaifiyarki 'yar Cadi ce ita ma?"

Ta ce, "A'a. 'Yar kudancin Kaduna ce. Amma ba ta zuwa gida. Tun da ta auri babanmu suka ɓata da kakanmu."

Tambaya ce ta kalma shida, kuma ban yi wa Dauda ita ba. Ya ce ubansa baƙo ne, na ji haka na tsaya, saboda hanyar Ciyaman tana kusa kuma ta fi sauri. Alhali dokar ƙasa a fili take, wanda uwarsa 'yar ƙasa ce shi ma ɗan ƙasa ne.

Na je gidansu a Nasarawa na samu mahaifiyar, sunanta Ladi, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ta ba ni wurin zama ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na ce, "Maman Dauda, na ɓata wa ɗanki shekara biyar. Ban zo wanke kaina ba. Na zo ne in ce miki takardar Saratu tana garinku, kuma ba mai iya karɓo ta sai da ke."

Ta ce, "Malam Sani, shekara kusan talatin ban taka garin nan ba. Babana ya rasu ban je ba. Da wane ido zan shiga?"

Saratu ce ta amsa daga cikin zaure. Ta ce, "Mama, da nawa. Ni ba wanda na yi wa laifi a can."

Da haka Ladi ta yarda za ta je, amma sai da muka yi sati uku muna haɗa fayil kafin mu tashi, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Katin riga-kafi ya ba mu ranar haihuwa. Na je makarantar firamaren da ta yi, hedimasta ya buɗe mana tsohuwar rajista, ranar ta yi daidai, amma an rubuta sunan uban da wani harafi daban. Muka je kotu mahaifiyar ta yi rantsuwa a kan shekaru da kuma cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Mai unguwa ya rubuta cewa a gabansa yarinyar ta tashi. Kowace takarda na yi mata kwafi uku, na jera su daga mafi tsufa zuwa sabuwa, na sa wa kowace lamba da fensir a kusurwa. Akawu in ya ga fayil a hargitse yakan ce ka dawo gobe tun bai karanta ba.

Na rufe shago kwana uku na bi su. Damina ce, mota ta sauke mu a bakin kwalta, acaɓa ya ƙarasa da mu cikin taɓo. Muka tarar da yayan Ladi, Kawu Yohanna, a gonar citta. Ya miƙe da fartanya a hannu ya daɗe yana kallonta, sannan ya faɗi wata magana da yarensu. Ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da zani. Ni na koma gindin bishiya na ba su wuri, don wannan ba aikina ba ne.

Nawa aikin ya fara washegari da safe. Kawu Yohanna ya kai mu wurin fasto, aka fito da akwatin ƙarfe, a ciki akwai littafin baftisma da gara ta ci gefensa. Muka bi shafi-shafi har muka samu Ladi, da sunan ubanta, da sunan unguwarsu. Na ɗauki hoton shafin, na roƙi fasto ya rubuta wasiƙa ya buga hatimi. Dagaci ya rubuta tasa, hakimi ya sa hannu a ƙasa. Muka nufi sakateriyar ƙaramar hukuma.

Akawun da muka tarar ya duba fayil ɗin har ƙarshe, ya yaba tsarinsa, sannan ya rufe.

Ya ce, "Malam, uba ake bi, ba uwa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yar ƙasa ce ta wajen uwarta, wannan ba gardama. To ɗan ƙasa dole yana da ƙaramar hukuma. In ba nan ba ce, ka faɗa mini wacce ce in kai ta."

Ya ce, "Maganarka tana kan hanya, amma ni ba zan sa hannu ba. Ka rubuta wa shugaba."

A bakin sakateriyar akwai wani tsoho mai tafireta. Na gaishe shi, na faɗa masa a inda na koyi aiki, na roƙi aron kujerarsa. Na sa takarda uku da kabon biyu na buga koke, shafi ɗaya. A layin farko na ce muna roƙon takardar shaidar asali ga 'ya'yan Ladi guda biyu, Saratu da Dauda. Ban ɓoye cewa ubansu mutumin Cadi ne ba, na rubuta shi ɓaro-ɓaro a layi na biyu, don kada gobe wani ya tono ya ce an yi rufa-rufa. Na jera shaidu da lambobinsu. Kawu Yohanna ya dangwala a matsayin mai tsaya musu. Na miƙa ɗaya, na sa aka buga mana tambarin karɓa a kan kwafinmu. Kada ku taɓa barin takarda a ofis ba tare da wannan tambarin ba.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Kawu Yohanna ya yi ta zirga-zirga a kan kekensa, yau shugaba ya yi tafiya, gobe ana taro. Lokacin rajistar jarrabawa ya zo, ina cike wa sa'o'in Saratu fom tana waje tana wasa. Ranar da aka rufe ta leƙo ta ce, "Baba, shekara ta tafi."

Na ce, "Ta tafi. Ki ci gaba da karatu, ki ci gaba da zuwa tebur. Kada ki zauna a ɗaki."

Na faɗi haka ne don na ga yadda zaman jira ke cinye mutum. Wanda ke fitowa yana wasa yana cikin mutane, yana jin ranar da aka buɗe fom, yana samun mai ara masa littafi. Wanda ya shige ɗaki, bayan shekara biyu in ka tambaye shi sai ya ce ai shi ya haƙura. Saratu ba ta zauna ba. Ta tara 'yan matan layinsu tana koya musu riƙon bat ranar Lahadi bayan coci, in an gaji da wasa su buɗe tsofaffin tambayoyin jarrabawa a kan teburin.

Bayan wata takwas Kawu Yohanna ya bugo waya ya ce an sa hannu. Na ce kada ya karɓa sai ya ga an shigar da lambobin a babban littafi da idonsa, ya kuma sa a ɗauki hoton shafin. Haka ya yi. Shekarar da ta biyo na cike wa Saratu fom, ta ci, ta shiga makarantar jinya. Ita ce wadda ta zo kwanakin baya da fararen kaya ta auna mini jini a nan, kuka tashi kuka ba ta kujera.

Takardar Dauda ni na kai masa da kaina har wurin waldarsa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya goge hannu a wando, ya karanta har ƙasa.

Ya ce, "Me zan yi da ita yanzu, Malam? Ina da mata, ina da ɗa."

Na ce, "Taka ce. Ko ba ka yi komai da ita ba, ɗanka ba zai zauna a bencina yana cewa ba shi da jiha ba."

Ya ninke ta ya sa a akwatin kayan aiki, ya sauke gilashi ya ci gaba da walda. Ban sake yi masa maganar ba.

Shekara biyu bayan nan, Saratu ta zo hutu ta aika masa cewa ta ji ana cewa ya taɓa iya wasa, amma ita ba ta yarda ba. Ya zo da kayan aikinsa a jiki. Ta ci shi wasa uku a jere, rumfa ta cika da 'yan kallo. Washegari ya dawo, jibi ma haka, har hannunsa ya dawo. Ya yi wata biyu yana zuwa tebur kafin wata rana ya shigo ciki ya zauna a kujerar masu cike fom. Ya ce ya ji kwalejin kimiyya da fasaha tana da karatun yamma, yana so ya fara daga farko.

Aikinsa ya ba ni wuya ta inda ban zata ba. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karanta shi. Walda da ƙarfe sun cinye zanen yatsunsa, sun yi sumul kamar bayan cokali. Muka wanke, muka goge gilashin, muka gwada yatsa goma, ba ko ɗaya. Wani zai ce a sa yatsan wani a wuce wurin, kuma na san shagunan da ke yin haka. Na ce ya bar wa abokin aikinsa gurza ƙarfe na kwana goma, ya riƙa sa safar hannu, ya riƙa shafa man kaɗanya safe da yamma. Ranar sha ɗaya manyan yatsunsa biyu suka fito, sauran suka biyo a hankali. Na karanta masa fom ɗin daga sama har ƙasa, shi ma ya karanta mini, sannan na tura.

Ya ci jarrabawa, aka kira su tantancewa. Ranar na ce in ya fito ya biyo ta nan. Ya iso bayan la'asar da fayil a hammata.

Na ce, "Sun karɓa?"

Ya ce, "Matar da ke tantancewa ta daɗe tana juya takardar. Ta ce sunan ubana ba irin na can ba ne. Na ce mata gaskiya ne, ubana mutumin Cadi ne, can garin uwata ne. Sai ta ɗauki waya ta kira sakateriyar a gabana."

"To, me suka ce?"

"Mutumin ya ce ta jira ya ɗauko littafi. Muna jin yana buɗe shafi. Ya karanto mata lambar, ta yi daidai. Sai ya ce, 'E, namu ne. Ɗan Ladi ne.'"

Shekararsa talatin da uku a lokacin, kuma a iya sanina ranar ce ta farko da wani ofis ya faɗi haka a kansa.